Me zan ce mata idan tana zane?

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki. Ni mai sauraron filinki ce daga Zariya, kuma yau ne karo na farko da na rubuto miki. Matsalata ba ta miji ba ce, ba ta kishiya ba ce, wani ma zai ce ba matsala ba ce. Amma ni ta hana ni sakat.

Ina da yarinya 'yar shekara 2 da wata 8. 'Yar fari ce, don haka ki yi min uzuri, ba zan kama sunanta ba. Tun tana shekara ɗaya da rabi take ɗauko gawayi a bakin murhu tana goga wa bangon tsakar gida. Da na gaji da wankin bango sai na yanka mata kwalaye, na sayo mata fensiran kala. Takan kwanta rub da ciki ta yi ta zagaya layi a kan layi, bakinta ba ya shiru, tana surutu tana waƙa, ita da kwalinta.

Ni ce na ɓata abin. Wata rana bayan la'asar ta cika kwali da jan kala ta kawo min. Na ce, "Mene ne wannan?" Ta ɗan yi jim, ta ce ruwa ne. Sai na ce, "A'a, ruwa ai ba ja ba ne." Na ɗauki shuɗi na zana mata kogi, har da kifi da kwalekwale. A zatona koya mata nake yi. Tun daga ranar, da ta ɗauki fensir sai ta miƙo min: "Umma ki yi min, ni ban iya ba." Anti, yarinyar da ba ta kai shekara 3 ba, a ina ta samo "ban iya ba" in ba a wurina ba? Daga baya ma na tuna, ruwan da ke kwarara a lungunmu da damina ai ja ne, jar ƙasa yake kwasowa. Abin da idonta ya gani ta zana, ni kuma na kawo mata ruwan cikin littafi.

Da na ga haka sai na koma yabo. Kome ta yi in ce, "Kai, ya yi kyau! Gwana!" Sau da yawa ina tuƙin tuwo ko ina kan keken ɗinki, ban ko ɗago kai ba. Ashe ta gane. Ran nan ta zo ta kama haɓata da hannu biyu, ta juyo da fuskata, ta ce, "Ki kalla." Yanzu in ma ta yarda ta zana, layi ɗaya take ja ta rugo a yaba, ta koma ta ja wani ta sake rugowa. Dogon zaman nan da take yi ita kaɗai ya tafi.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne mahaifiyata. Inna ba ta yi boko ba, amma idan muka je gida takan zauna da ita a ƙasa, ta jiƙa mata yumɓu, ko ta bar ta tana ja da tsinke a kan yashi. Ban taɓa jin ta tambaye ta mene ne ba. Sai dai ta ce, "Iye, wannan ya yi ta zagayawa bai gaji ba," ko kuma, "Wannan dogon ina za shi?" Nan take yarinya ta ɓalle da labari, wai kasuwa za shi ya sayo wa Abba rake. Wani lokacin ma shiru Inna take yi, tana murza nata yumɓun a gefe. Da na tambaye ta sai ta ce jika abokin wasa ne, mu iyaye ne muka cika gyara. Na gwada irin nata a gida, bakina ya yi nauyi. Da kunyar ɗan fari aka tashe mu, ban saba zama ina hira da ita ba, balle a gidan da surukata take.

Maigidana kuma nasa ra'ayin daban. Tunda baɗi za a sa ta a makaranta, yana ganin gara a fara ɗora hannunta a kan A, B, C da alif, ba, ta. Na gaya masa abin da wata ma'aikaciyar jinya ta faɗa mana, cewa sai wajen shekara 3 yawancin yara ke iya kwaikwayon da'ira, kuma wannan zagaye-zagayen shi ne yake ƙarfafa 'yan yatsun da za su riƙe alƙalami. Har bayan takardar naira 20 na nuna masa, hoton Ladi Kwali, wadda a gida ta koyi ginin tukwane tun tana ƙarama. Ya yi murmushi, amma ya kawo maganar da ni ma ban raina ta ba, wato zanen abu mai rai. Ba da jimawa ba za ta yi kai da ƙafafu biyu ta ce, "Wannan Abba ne." Ran da hakan ta faru me zan ce? Ba na son in saɓa wa addinina, ba na kuma son in sake kashe mata gwiwa. In da hali, don Allah ki gayyato malami ya yi mana bayanin hukuncin zanen ƙaramin yaro, na san ba ni kaɗai ke son ji ba.

Abin da nake roƙo a wurinki, Anti, kalmomin da zan riƙa faɗa ne. Idan tana tsakiyar zane, in yi magana ko in jira sai ta ɗago ta dube ni? Idan ta miƙo min fensir ta ce in yi mata, in karɓa ko in lallashe ta ta yi da kanta?

Kwalin jan ruwan nan yana nan, na ɓoye shi a ƙasan akwatina. Ina son in ɗauko shi in zauna kusa da ita, in ce mata na ga ruwan, ta ba ni labarin inda za shi. Kina ganin hakan zai gyara abin da na ɓata, ko na makara?

Taki,
wata uwa daga Zariya