Wasiƙa daga Houston: Duke ta hau, Auburn ta sauko

Houston, Teksas
11 ga Maris, 2025

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da su Baba. Yaya ibada, yaya zafin Zariya? Allah ya karɓi azuminmu.

Saƙonka ya iso, wanda kake tambaya ko gaskiya ne an sauke Auburn daga matsayi na ɗaya. Gaskiya ne. Jiya Litinin kamfanin dillancin labarai na AP ya fitar da sabon jerinsa na ƙungiyoyin ƙwallon kwando 25 na jami'o'in Amurka, ɓangaren maza. Duke ce ta ɗaya, Houston tamu ta biyu, Auburn ta koma ta uku, Florida na biye da ita. Mako takwas Auburn ta yi a saman nan, sai ta sha kashi sau biyu cikin mako guda, a hannun Texas A&M, sannan a hannun Alabama da ci 93 da 91 bayan ƙarin lokaci, a gidanta kuma.

Ni dai ban gamsu ba, kuma bari in faɗa maka dalili. 'Yan jarida kimanin sittin ne ke wannan zaɓe, kowa ya jera ƙungiyoyinsa, ta farko maki 25, ta ƙarshe maki ɗaya, a tara. Mutane ne, abin da idonsu ya gani a makon da ya wuce shi ya fi tsaya musu a rai. An manta cewa Auburn a rukunin jami'o'in da ake kira SEC take, inda bana kusan kowane wasa sai an yi gumi, kuma babu ƙungiyar da ta kai ta yawan doke manyan abokan karawa. Har mu ma ta doke mu a Nuwamba, 74 da 69, a cikin garin nan. Duke kuwa rukuninta na ACC ya yi rauni bana, wasa 19 ta ci cikin 20. Ba zan zalunce ta ba: ta doke Auburn ɗin a Disamba, kuma ɗan wasanta Cooper Flagg, mai shekara 18, abin kallo ne. Akwai kuma dogon ɗan Sudan ta Kudu, Khaman Maluach, wanda ya tashi a Yuganda. Duk sanda na ga ya tare ƙwallo a bakin kwando sai in tuna yaran da muke bugawa da su da yamma a Samaru.

Abin da nake so ka gane shi ne wannan jerin ba shi ke raba gurbi ba. Ranar Lahadi mai zuwa, 16 ga wata, kwamitin mutum 12 na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, zai sanar da ƙungiyoyi 68 da za su shiga gasar ƙasa, da matsayin kowacce. Su suna da nasu ma'aunin da ake kira NET, wanda aka fara amfani da shi a 2018, yana duba wa ka doke da kuma inda ka doke shi. Doke ƙungiyar da ke cikin 75 na farko a gidanta daidai yake a lissafi da doke wadda ke cikin 30 na farko a gidanka. Da wannan ma'auni nake ganin Auburn za ta iya fitowa gaba da kowa, ko me 'yan jarida suka rubuta.

Daga nan kuma sai gasar da faɗuwa ɗaya ke kora ka gida. Virginia ta shiga a 2018 tana ta ɗaya a ƙasar, ƙaramar jami'ar UMBC ta lallasa ta 74 da 54 a wasan farko. Mu a nan ba sai an ba mu labarin wasu ba. A 1983 Houston ce ta ɗaya, da Hakeem Olajuwon ɗan Legas a tsakiya, NC State ta ƙwace kofin da ci 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe. Shekara ta gaba 'yan Houston suka sake kaiwa wasan ƙarshe, Georgetown ta hana su. Har yau jami'ar ba ta taɓa ɗaukar kofin nan ba, kuma dattawan garin suna maganar 1983 kamar jiya aka yi.

Shi ya sa matsayi na biyun nan bai sa ni tsalle ba, ko da yake yaran kocin Houston Kelvin Sampson sun cancanta. Wasa ɗaya kacal suka rasa a rukunin Big 12, kuma tsaron gidansu sai ka ga abokin karawa ya rasa inda zai miƙa ƙwallo. Bana a San Antonio za a yi wasannin ƙarshe, tafiyar awa uku a mota daga nan. In Allah ya kai su, zan je.

Kun riga mu da awa shida, don haka wasannin dare za su riske ka wajen sahur. Ka kalli na Houston ko da rabi ne, ka rubuto mini abin da ka gani. Ka gaishe da Hajiya da yara.

Naka har kullum.