Sai da Zafi Ake Ganin Rabuwar Sulfolobus

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ka ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in ja hankalin ɗalibai masu nazarin ƙananan halittu. Wanda ya ɗiga halittu masu son zafi a kan gilashi, ya zauna ƙarƙashin fanka yana jiran su rabu biyu, ko kwana zai yi ba abin da zai gani.

Mu ɗauki Sulfolobus acidocaldarius, wadda Thomas Brock da abokan aikinsa suka bayyana a 1972 daga maɓuɓɓugan Yellowstone na Amurka. Abin da take so shi ne zafin digiri 75 zuwa 80 da ruwa mai tsami, pH 2 zuwa 3. Ruwan Wikki na Yankari, mai digiri 31, a wurinta hunturu ne.

Ɗumama farantin da ƙwayoyin ke ciki ta ƙasa kaɗai ba ya wadatarwa. Idon maikiroskof da ke taɓa ɗigon mai yana zuƙe zafin daidai inda ake kallo, sai ma'auni ya ce 75 alhali ƙwayoyin suna cikin sanyi. Murfin kuma in ya huce, tururi ya taru a jikinsa kamar raɓa, ruwan ya ƙafe, tsamin ya ƙaru. Shi ya sa masu bincike a Landan suka ƙera akwatin da ke ɗumama sama da ƙasa, suka ɗauki hoton rabuwar a 2020. Kuma a bar zafin ya daidaita kafin a fara, don ƙarfe yana buɗewa, hoton ya riƙa dishewa.

Ƙwayar ba ta wuce maikiron ɗaya ba (kashi ɗaya cikin dubu na milimita), ga yawo. Ana danne ta da ɗan fallen Gelrite, wani abu mai daskarewa kamar jeli, domin aga (agar), jelin da aka saba amfani da shi, ba ta jure zafi da tsami tare. GFP, furotin mai koren haske da aka saba yi wa ƙwayoyi alama da shi, ma ba ya haske a nan. Sai rinin Nile Red don fatar ƙwayar, SYBR Safe don DNA. A rage fitila, yawan haske na koɗar da rinin.

In komai ya zauna, za a ga DNA ya dunƙule, ya rabu gida biyu, sannan tsakiyar ƙwayar ta tsuke kamar an ja mazagi. Ba ta da FtsZ, furotin da bakteriya ke rabuwa da shi. Zoben da ke tsuke ta na sunadaran CdvB ne, dangin ESCRT-III da ke yanke ƙwayoyin jikinmu lokacin rabuwarsu. In aka cire ɗaya daga cikinsu, CdvB2, 'ya'yan sukan fito ɗaya babba, ɗaya ƙarama.

Naka,
Wani malamin ilimin ƙananan halittu, Zariya