Gaisuwa daga Tromso, can arewacin Norway

Malam Bashir,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Hajiya? Habu ya ce kana ta yaɗawa a majalisa wai na zama Bature, shi ya sa na yi shiru. Allah ya shirye ka. Aiki ne ya sha kaina, ga rana ta ƙi faɗuwa tun ƙarshen Mayu, sai ƙarshen Yuli za ta fara, barci ma sai da labule mai kauri. Kafin ka tambaya, lokacin Makka muke bi wajen sallah.

Ka ce in gaya maka yaushe zan dawo. Bari dai in fara da abin da ke cina. Ka sha yi mini dariya cewa na ƙetare teku don in ƙirga tsuntsaye. To, abin ƙirgawar ma ƙarewa yake yi. Akwai wani tsuntsun teku, fafin, mai baki kamar an sa masa lalle. A tsibiran Rost na nan Norway, a 1979, ma'aurata wajen miliyan 1.4 ne ke sheƙa. Yanzu ba su kai dubu 300 ba. Ƙwai ɗaya tak macen ke yi a shekara, a cikin rami. Abincin ɗan kuwa 'ya'yan kifi ne da igiyar ruwa ke kawowa daga kudu. Ruwan ya yi ɗumi, kifin ba ya isowa a kan kari, iyaye su wuni a teku su dawo baki wayam, ɗan ya mutu a rami. An yi shekaru a jere ana haka.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne kitiwek, shi ma wani tsuntsun teku ne. Duwatsun bakin teku sun fara zama kufai, sai ga shi cikin gari yana sheƙa a tagogin mutane. Ihu dare da rana, ga kashi, ga wari, masu gidaje na ta tsaki, alhali yana cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a Norway. Har wasu dogayen katakai aka kafa masa a nan, wai otal ɗinsa, ko zai bar gine-gine. Otal fa, Bashir! Kai da ka shekara kana neman ɗaki a Hotoro. Sannan a bazarar 2023 murar tsuntsaye ta faɗa wa yankin Finmak da ke ƙuryar arewacin ƙasar, aka kwashe gawa sama da 20,000, galibi a wajen garin Vadso. Waɗanda suka yi aikin kwasar har yau ba sa son zancen.

Af, da gaske ne Sani Dogo ya ƙara aure? Da wane kuɗin, bayan bashina na nan? Ka ce masa ina taya shi murna, kuma ban yafe ba. In ƙanin Habu zai taho a Satumba, a ba shi yaji da kuka, amma ban da kilishi, ƙwacewa za su yi a filin jirgi.

Ka gaida Maman Ummi da yara.

Naka,
Isiyaku