Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Hausawa Mazauna Jihar Tennessee

Assalamu alaikum iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne. A madadin kwamitin gudanarwa, ga bayanin abin da Allah Ya nufe mu da yi a shekarar da ta ƙare. Rahoton kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta muku da kansa.

Taron wata-wata bai yanke ba, sai dai a watan azumi mun mayar da shi buɗa-baki. Walimar Sallah ƙarama da babba duk an yi su lafiya, kuma iyayenmu mata ne suka ɗauki nauyin girki, Allah Ya saka musu da alheri. An je barkar haihuwa da ta'aziyya, an kuma tari baƙin ɗalibai da suka iso karatu har suka samu masauki. Ajin Hausa na ranar Asabar yana nan, amma malamai sun yi kaɗan, muna roƙon masu hali su ba da lokacinsu.

Aikin da ya fi cin ƙarfinmu bana na kwamitin matasa ne. Yaranmu da dama sun shiga ƙwallon Amurka a makarantunsu, wasan nan mai kama da zari-ruga, alhali yawancin iyaye ba su san kansa ba. Uwa za ta sa hannu a takardar amincewa, ta zauna a bakin fili gabanta na faɗuwa, ba ta san me ake ƙirgawa ba. Sai kwamitin ya ga ya dace a zaunar da iyaye da yara wuri guda a koyi wasan daga tushe, aka zaɓi kakar wasa ɗaya daga nan cikin jiharmu aka bi ta daki-daki: kakar 1899 ta jami'ar da ke garin Sewanee.

Jami'ar ƙarama ce, ta cocin Episcopal, a kan tsaunin Cumberland, kuma a shekarar ɗalibanta 326 ne kacal. Duk da haka 'yan ƙwallonta sun buga wasa 12 sun ci duka, sun tara maki 322, an ci su maki 10. Kocinsu Billy Suter ne, kyaftin kuma Henry Seibels. Amma wanda ya fi jan hankalin matasanmu bai taɓa ƙwallo ba, wato manajansu Luke Lea, ɗalibi ɗan shekara ashirin, wanda daga baya ya zama sanatan Tennessee.

A wancan zamani ɗalibai ne ke riƙe da harkar, kuɗin ƙofa kuma shi ne jarinsu. Wasan da ya fi kawo wa Sewanee kuɗi shi ne karawarsu da jami'ar Vanderbilt ta Nashville, sai aka samu saɓani kan rabon kuɗin ƙofar, wasan ya rushe. Don cike giɓin, Lea ya tsara wata doguwar tafiya a jirgin ƙasa, kusan mil 2,500, kimanin kilomita 4,000 ke nan. Ranar Alhamis 9 ga Nuwamba suka doke jami'ar Texas a Austin da 12 da nema. Washegari Juma'a suka ci jami'ar Texas A&M a Houston 10 da nema, Asabar suka ci Tulane a New Orleans 23 da nema. Lahadi suka huta. Litinin suka lallasa LSU, wato jami'ar jihar Louisiana, a Baton Rouge 34 da nema, Talata 14 ga wata suka rufe da jami'ar Mississippi a Memphis, 12 da nema. Wasa biyar cikin kwana shida, maki 91, ba wanda ya ci su ko ɗaya, dare kuma yana yi musu a kan hanya cikin tarago.

Ƙungiya ɗaya ce ta iya cin su maki a duk kakar, wato Auburn, ranar 30 ga Nuwamba a Montgomery, aka tashi 11 da 10. Kocin Auburn a lokacin John Heisman ne, wanda kyautar gwarzon ɗan ƙwallon jami'o'i ke ɗauke da sunansa har yau. Yaranmu duk sun san kyautar, amma a zaman nan ne da yawansu suka fara jin labarin mai sunan. Kwana biyu bayan haka Sewanee ta rufe kakar da cin North Carolina 5 da nema a Atlanta.

Mun daɗe a kan dokokin wancan lokaci, domin a nan ne iyaye suka fara gane wasan. Ba a jefa ƙwallo gaba, sai dai a rungume ta a kutsa cikin mutane da ƙarfin tsiya. Dama uku ake bayarwa a ci yadi biyar, yau kuwa dama huɗu ce a ci yadi goma. Kai ƙwallo ƙarshen fili maki biyar ne a da, yanzu shida. Mutum ɗaya shi ne mai kai hari shi ne mai tsaron gida, kuma wanda aka fitar ba ya komawa, saboda haka mai rauni yakan cije ya ci gaba. Hular kwano irin ta yau babu ita.

A nan ra'ayi ya rabu, kuma ya kamata rahoto ya faɗi haka. Matasa jarumtar suka gani, kuma ba a raba su da gaskiya. Iyaye kuwa tambaya ɗaya suka riƙa maimaitawa: wa ya yarda a yi wa 'ya'yan mutane haka saboda kuɗin ƙofa? Ni a nawa ganin, tambayar iyaye ita ce ta fi nauyi, kuma Amurkawan kansu sun iso gare ta ba da jimawa ba. A 1905 mace-mace da raunuka a filin wasa suka yi yawa har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan jami'o'in Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa. A 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba, aka mayar da tazarar yadi goma, aka kuma kafa hukumar da a 1910 ta koma NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i har gobe. Daga wannan muhawara muka gayyaci wata 'yar uwarmu ma'aikaciyar jinya ta yi mana bayani kan buguwar kai: ciwon kai, jiri, amai, mantuwa, ƙin haske. Ta ja kunnenmu cewa yaron da ya bugu ba ya komawa fili a ranar, sai likita ya duba shi ya sallame shi, ko da koci na buƙatarsa, ko da shi yaron ya rantse lafiyarsa ƙalau. Wannan zama shi ne ya fi kowanne cika a bana.

Akwai wani suna da muka nace yaranmu su riƙe, Cal Burrows. Baƙar fata ne, yana cikin tafiyar, aikinsa yi wa 'yan wasa tausa da dare a cikin jirgi don jikinsu ya saki kafin wasan gobe. An kuma yi guzurin gangunan ruwan tsaunin Sewanee saboda gudun baƙon ruwa. A 1899 baƙar fata ba shi da damar karatu a jami'ar balle ya sa rigarta, kuma cikin waɗanda suka kafa ta a 1857 akwai Bishop Leonidas Polk, mai bayi, wanda ya zama janar a rundunar Kudu lokacin yaƙin basasar Amurka. Yaranmu baƙaƙe ne da ke tasowa a Kudancin Amurka, bai kamata a ba su labarin nasara a ɓoye musu wannan ɓangaren ba. Wata yarinya 'yar sakandare ce ta gabatar da wannan darasi, da Hausa, kuma ta burge kowa.

Da kaka muka hau mota zuwa Sewanee, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga Nashville, muka ga filin da jami'ar ke wasa a kansa tun 1891. Fili ne madaidaici, ba ya kama ƙafar manyan filayen da yara ke gani a talabijin. Jami'ar tana cikin waɗanda suka kafa gasar SEC ta jami'o'in kudu maso gabashin Amurka, amma ba ta taɓa cin wasa ko ɗaya a cikinta ba, ta fice a 1940. Yau a rukuni na uku take bugawa, inda ba a ba ɗalibi tallafin karatu saboda ƙwallo. Wannan ya buɗe mana hira da samarinmu masu burin shiga jami'a ta hanyar wasa, muka nuna musu cewa sakamakon aji ne zai fara buɗe musu ƙofa. Godiya ta musamman ga waɗanda suka ba da motocinsu da mai.

A shekara mai zuwa kwamitin matasa na neman amincewarku kan abu biyu. Na farko, a buga taƙaitaccen bayanin dokokin wasan da alamomin buguwar kai da Hausa, a raba wa kowane gida. Na biyu, a tsara yadda duk yaronmu da ke da wasa zai samu babba ɗaya daga cikinmu a bakin fili, musamman 'ya'yan masu aikin dare. Waɗanda ke da bashin kuɗin wata-wata su daure su ga ma'aji kafin babban taro, domin a ranar ne za a zaɓi sababbin shugabanni.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya