Zuwa ga Yaya, kan maganar motar da aka ce na saya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, ya jikin Inna, ya su Gwaggo da yara da duk mutanen Birni. Ni ma nan lafiya lau alhamdulillahi, sanyi ya fara shigowa amma ba wani abu ba ne, aiki na tafiya.

Abin da ya sa na zauna na rubuta maimakon in turo murya a WhatsApp, so nake ka karanta wa Inna da kanka a ɗakinta, ba a tsakar gida gaban kowa ba. Labari ya iso ni wai na sayi mota a Faransa shi ya sa kuɗin watan nan ya yi jinkiri, har an ce mijin Gwaggo ya faɗa bayan sallar la'asar cewa yaro ya samu duniya ya manta da uwarsa. Wallahi Yaya maganar nan ta hana ni barci. Ban sayi mota ba. Wadda kuka gani a hoton Facebook motar haya ce, mun ɗauko ta ranar Juma'a mun mayar ranar Lahadi, ko tayarta ɗaya ba tawa ba ce.

Ka san matar ɗan Kawu na Zango ta haihu, kuma su ba cikin birnin Liyon na nan Faransa suke ba, wani ƙaramin gari ne can gaba. Haihuwa ba ta ba da sanarwa, sati ɗaya ne tsakaninta da suna, kuma ba shi da kowa a ƙasar nan sai mu, in ba mu je ba wa zai tsaya masa. Mu huɗu ne ƴan Damagaram da muka ce za mu je, sai aka tsaya gardama, jirgin ƙasa ko mota.

Ni jirgi na so, gaskiya. Daga Faris zuwa Liyon ta hanyar mota ya kai kilomita 460, kamar ka ce Damagaram zuwa Diffa, amma jirgin da suke kira TGV awa 2 yake yi, yana gudun kilomita 300 a awa. Tun 1981 suka buɗe layin nan. Ka shiga a Gare de Lyon, tashar jirgi ta Faris, ka zauna kujerar da aka rubuta maka lambarta, ka sa wayarka caji, kafin barci ya ɗauke ka sosai an ce ga Part-Dieu, tashar Liyon. Ba shingen jandarma, ba tsayawa gyaran taya. Matsalar kuɗin tikitinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya, in ka saya da wuri, wata guda ko fiye kafin tafiya, musamman na Ouigo, TGV ɗinsu mai arha, za ka samu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, in kuwa ka bari sai saura kwana biyu uku kuma ƙarshen sati, farashin sai ya ninka ya sake ninkawa. Da muka duba a waya muka lissafa mutum huɗu zuwa da dawowa kowa ya yi shiru. Kuma ko mun sauka Liyon ba mu iso ba, sai mun sake shiga ƙaramin jirgi na TER, daga nan kuma bas, ranar Lahadi bas ɗin ƙauyukansu ba ya yawa. Ga kaya, buhun shinkafa, kwalin kayan jariri, ƙatuwar tukunyar da matar abokinmu ta ce lallai a kai wa mai jego. Wa zai yi ta hawa da sauka da tukunya a tashar jirgi.

Shi ya sa mota ta yi rinjaye. Ita ma ba kyauta ba ce fa. Bayan kuɗin haya akwai mai, dole ka mayar musu da tanki cike yadda ka karɓa in ba haka ba su caje ka da tsada, akwai kuɗin hanya a otorut A6, babbar hanyar Faris zuwa Liyon, da ya haura yuro 30 zuwa kawai, dawowa ma haka, ga kuɗin ajiye mota in ka shiga gari. Tafiyar da jirgi ke yi awa 2 mu ta ci mana kusan biyar. Amma da aka raba huɗu ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma har ƙofar gida ta kai mu.

To ga inda kuɗinku ya maƙale, ka bayyana wa Inna wannan wurin da kyau. Ni ne mai permi, wato lasin tuƙi, na Faransa a cikinmu, saura wani ba shi da shi, wani na Nijar ne da shi kuma shi permin Nijar shekara ɗaya kawai yake aiki bayan ka samu takardar zama, wani kuma bai kai shekara 25 ba sai sun ƙara masa kuɗi. Su kamfanonin haya katin banki na direba suke karɓa, su riƙe kuɗin jingina a ciki, kosiyon suke ce masa. Nawa suka riƙe yuro 800. Kuɗin na nan a asusuna ina ganinsa da idona amma ba na iya taɓa shi. Kafin mu tashi ma'aikacin ya zagaya motar da mu yana duba ko'ina, ni ma na ɗauki hoton kowane gefe har da wata ƴar ƙarzuwa a ƙofar baya, kuma Allah ya taimake ni da hoton nan, don da muka dawo ita suka nuna suka ce mu muka yi. Na buɗe musu waya suka ga ranar da awar, suka bar maganar. Duk da haka sai da aka ɗauki kwanaki kafin banki ya saki kuɗin. Wannan shi ne jinkirin, ba wani abu.

Ban ji daɗi ba Yaya. Na san Inna ta jira, na san kai ka ranto na magani. Da na san za a riƙe kuɗin haka tsawon lokaci da na turo naku tukunna. Amma kuma a tuna tun da na zo ƙasar nan wane wata ne ya wuce ban aiko ba? Wanda ke magana a bakin masallaci ko dala bai taɓa ba Inna ba. In ni kaɗai ne zan yi tafiya jirgi zan shiga, in sayi tikiti da wuri, ba jingina ba fargabar radar a hanya, don in kyamara ta kama gudu ya wuce 130 takardar tara sunana za ta zo da shi.

Yanzu na turo yuro 200 ta Western Union da sunanka, yuro ɗaya sefa 655 da ƴan kai, za ka karɓi jikka 131. Ka fara cire abin da ka ranto. Jikka 40 na maganin hawan jinin Inna, a saya a farmasi da takardar likita, kar a sayi na ƴan talla. Jikka 45 a sayi gero yanzu da kaka kafin ya tashi, ka je kasuwar Dole da kanka ka ga awon tiya da idonka. Jikka 20 kuɗin makarantar yara, saura na ƴan ga-ruwa da wuta.

Kar ka ba Auta ko sisi a hannu. Na ji ya ce tunda na sayi mota shi ma in saya masa babur ya yi kabu-kabu, kuma na san shi ya fara yawo da hoton a fadarsu wurin shan shayi. Ka gaya masa maganar babur tana nan yadda muka bar ta, sai ya koma wurin ubangidansa ya gama koyon walda. Dan Allah Yaya kar tausayi ya sa ka ba shi, ko Inna ta ce a ba shi ka kira ni tukunna.

Jaririn namiji ne, lafiyayye, an yi suna lafiya, ɗan Kawu na gaishe ku. Ka gaya wa Kawu an yanka rago yadda ya kamata.

In ka karɓi kuɗin ka sanar da ni, ka turo min hoton maganin in ga sunansa, kuma ka faɗa min gaskiya ko kumburin ƙafar Inna ya sauka.

Ƙaninka.