Wasiƙa daga Samaru

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya ruwan Ikko? Da fatan kai da maiɗakinka kuna lafiya. Tun ƙaramar salla rabona da muryarka, sai dai in ga hotonka a WhatsApp ka sha babbar riga ka karya hula, ko kansila za ka fito ne ba mu sani ba? Dama tambaya ce da ni a kan kuɗin wasu kayan aiki, tunda kana kusa da kasuwar kwamfuta ta Computer Village, amma bari in fara ba ka wani labari, ya ƙi zama a cikina.

Ka san koyon gyaran kwamfuta da haɗa netwok da na shiga a nan Samaru. To, makon jiya oganmu ya kwashe mu zuwa wata cibiyar jarrabawa a Sabon Gari, irin waɗanda suka yawaita tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Zaure guda ne, kujera 250, ga wasu kwamfutocin na ko-ta-kwana a gefe. Mun ja waya, mun matse kawunan RJ45, wato kan wayar da ake sokawa a kwamfuta, har tafin hannu ya yi kanta. Siraran wayoyi takwas ne a ciki, kowace da gurbinta: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Yanzu ko daga barci ka tashe ni zan jero maka su. Muka gwada kowace waya, fitilu takwas suka bi layi tsaf.

Aka kunna. Yawancin kwamfutocin suka ga sabar, wato babbar kwamfutar da sauran ke haɗuwa da ita, wasu kuwa suka ƙi sam. Mai wurin ya shiga safa da marwa, don saura kwanaki a zo duba cibiyar. Aka canza waya, shiru. Aka canza rami a suwic, akwatin da wayoyin ke haɗuwa a jikinsa, shiru. Oga ya sa aka auna tsawon wayoyin baya, saboda irin wannan waya ba a son ta wuce mita 100, aka tarar ko kusa ba su kai ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in aka kashe komai har da rauta, na'urar da ke raba wa kwamfutoci adireshi, aka sake kunnawa, sai waɗanda suka ƙi ɗazu su shiga, wasu daban kuma su tsaya a waje. Na ce a raina, da waya ce ta lalace ai matsalar ba za ta riƙa yawo ba.

Sai na buɗe saitin rautar na ga 255.255.255.0. Wallahi sai da gabana ya faɗi don murna. Kowace na'ura sai da adireshinta take hawa netwok, wannan lamba kuwa adireshi 254 kacal take bayarwa, ga rauta ta ɗauki ɗaya, sabar ta ɗauka, ga na ko-ta-kwana duk a kunne. Tamkar bas ce ta cika a Kwangila, wanda ya riga shi ke samun kujera. Na raɗa wa oga, ya dube ni ya ce in gwada. Na mayar da ita 255.255.254.0, mai ɗaukar 510, na faɗaɗa iyakar rabon adireshin, muka sake kunnawa. Duk zauren ya hau, ko ɗaya ba ta rage ba. A gaban kowa oga ya miƙo mini hannu, a mota kuma ya ce aikin da za a yi a wata makaranta a Tudun Wada ni zan jagoranta. Da na gaya wa Inna ba ta gane komai ba, amma ta yi ta sa albarka har da ƙwalla.

Kai da kake tsallake taga in malamin lissafi ya shigo, na san idonka ya fara lumshewa. Farka, saura kaɗan.

Maganar Autanku nake so mu yi da gaske. Kullum ina ganinsa a bakin babbar ƙofar jami'a yana zaman jiran sakamako, alhali yaron nan hannunsa na da kyau, shi ya gyara wa Baba rediyo. Ka sa baki ya zo. Da hunturun nan rabin kwamfutocin da ake kawo mana ƙura ce kawai ke damunsu: fanka ta toshe, inji ya yi zafi ya kashe kansa. Ka buɗe, ka hure, ka zare RAM, ɗan allon ma'adanar kwamfuta, ka goge bakinsa da kilinar fensir, ka mayar, sai ka ga ta tashi. Ɗalibai kuwa lokacin rubuta furojet layi suke yi. Sana'a ce mai ci, ba na so ya tsaya ganin ƙyashi don wai ba ofis ba ne.

Af, ɗan Gwaggo ya kai kuɗi gidan su yarinyar nan ta Ƙofar Doka, an sa rana bayan babbar salla. Mai shayinmu ma ya koma ƙetaren titi, ya ce har gobe yana binka kuɗin ƙwai biyu.

Abin da ke hana ni barci yanzu jarrabawar CCNA ce, ta ƙwarewa a haɗa netwok, ta kamfanin Cisco. Karatun ina yi, kowane dare in akwai caji ina haɗa rautoci a manhajar gwaji ta Packet Tracer, amma kuɗin zama dala 300 ne, ka kuwa san yadda dala take. Na shiga adashi, ɗan abin da zan samu a Tudun Wada ma can zan zuba. Ka taya ni da addu'a, in kuma ka ji kamfanin da ke ɗaukar masu wannan takarda a can, ka sa mini kunne.

Inna ta ce in direban nan zai taso ranar Laraba za ta ba shi kuka da daddawa ya kawo muku, ka bar wayarka a kunne. Ka gaishe da maiɗaki da kyau.

Naka har kullum,
amininka na Samaru