Rahoton Ayyukan Shekara: Alamar Sakamakon Gwaji a Ma'ajiyoyin Manhajojinmu

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

Babban aikin da kwamitin fasaha ya sa a gaba bana shi ne kowace manhaja ta ƙungiya da ke GitHub, dandalin intanet da ake ajiye manhajoji a ma'ajiyoyi, ta ɗauki alamar sakamakon gwaji a saman shafinta na README, wato shafin bayanin manhajar, yadda duk wanda ya leƙo zai ga halin da take ciki ba sai ya tambayi kowa ba. Alhamdulillahi, an yi nisa.

Da shara muka fara. Tun watan Yunin 2021 travis-ci.org, dandalin da ke gina manhaja ya gwada ta da kansa, ta daina gina manhajoji, amma wasu ma'ajiyoyinmu na nan ɗauke da tsohuwar alamarta, tana ba da labarin ginin da aka daɗe da daina yi. Mun cire waɗannan alamomin, muka koma GitHub Actions, tsarin gini da gwaji na GitHub, wanda kyauta ne ga ma'ajiyar da ke buɗe ga jama'a. Ana ajiye fayil ɗin YAML, mai ɗauke da umarnin gwajin, a cikin foldar .github/workflows, sai a liƙa adireshin hoton da ke ƙarewa da badge.svg a README. In gwaji ya wuce, alamar ta yi kore da rubutun passing; in ya faɗi, ta yi ja da failing. Sakamakon babban reshe, wato ainihin kwafin manhajar, take nunawa, sai in an ƙara ?branch= da sunan wani reshen. Ƙorafin da ya fi yawa shi ne an gyara kuskure amma ja bai gushe ba. Sau da yawa tsohon hoton da aka adana ne ake gani, ɗan jira ke maganinsa.

Inda aka kai ruwa rana shi ne ma'anar koren kansa. Wata manhajarmu ta jera kalmomin Hausa ta daɗe da kore shar, alhali tana watsa kalmomin da suka fara da ɓ, ɗ da ƙ can ƙarshen jeri, bayan z. Gwaje-gwajenta duk da a, b, c aka rubuta su, babu wanda ya taɓa jarraba ta da "ƙasa" ko "ɗaki". Alamar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka tambaye ta shi ta amsa. Don haka kwamiti ya yanke cewa duk manhajar da ke sarrafa rubutu ba za ta sa alama ba sai gwajinta ya haɗa da haruffa masu ƙugiya. Wasu sun ga an tsananta, amma a kan haka aka tsaya.

An kuma yi zaman horar da sababbin mambobi kan Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen da ake yi wa manhaja, ko da yake rashin wuta ya katse wasu zaman.

Baɗi, in Allah ya kai mu, za mu ƙara alamar da ke nuna kason rubutun umarnin manhaja (code) da gwaji ya taɓa, ta hanyar Shields.io, dandalin da ke samar da irin waɗannan alamomi. Masu ma'ajiya a GitLab, wani dandali irin GitHub, su tuntuɓi kwamiti, domin adireshin alamarsu daban ne, da pipeline.svg yake ƙarewa.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa